Dardumar Hannu Daga Ƙasashen Hanyar Siliki: Ta Ulu, Ta Siliki Ko Shirdak?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon darduma a Dubai ko Jidda ko babbar kasuwar Santambul ya san yadda ake yi. Yaran shago su yi ta warware shimfiɗu ɗaya bisa ɗaya har ka manta wadda ka fara gani, mai shago kuwa yana jero sunayen garuruwa: wannan ta Bukhara ce, waccan ta Kum, ga ta Kashmir, ga ta Hereke. Kowacce an ce saƙar hannu ce, kowacce an ce matan ƙauye ne suka yi ta kuma an biya su haƙƙinsu cif. Kuɗi kuwa ya sha bamban, wata ta ninka wata sau goma alhali faɗinsu ɗaya. Mutumin da ya daɗe yana tari don ya mallaki darduma ɗaya ta kirki, ta falo ce ko ta ɗakin amarya ko tsarabar mahaifi, tambaya biyu ke gabansa. Wacce za ta jure irin zamanmu, da ƙurar hunturu da danshin damina da yara masu ɓarin shayi? Sannan nawa ne daga kuɗin da zai miƙa ya isa hannun da ya saƙa ta? Ta biyun ba a cika yin ta ba, ni kuwa ba na raba ta da ta farko, domin a harkar darduma amsarsu takan fito ne daga wuri guda.

Kafin a kai ga sunan ƙasa, sai an fara tantance ko abin da ke gabanka saƙar hannu ne. Iri uku ne a kasuwa. Akwai ta inji, wadda mafi yawanta ke fitowa daga masana'antun Gaziyantep a Turkiyya, da zaren roba. Ba ta da laifi ko kaɗan idan an sayar maka da ita a matsayinta, ita ce ma ke shimfiɗe a yawancin masallatai da gidajenmu. Akwai wadda ake harba zare cikin ƙyalle da wata 'yar bindiga, a shafe bayanta da gam, a manna wani ƙyallen a rufe. Ana yin irinta da yawa a yankin Bhadohi na Indiya, kuma ana kiran ta aikin hannu saboda mutum ne ya riƙe bindigar. Wannan ita ce na fi gargaɗi a kanta, don zafin ƙasarmu yana busar da gam ɗin, bayan 'yan shekaru ka ɗaga ta ka tarar da farin gari a ƙasa, gashin kuma ya fara zuba. Sai ta uku, wadda aka ɗaure kowane silin gashinta da ƙulli a jikin zaren tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Ita ce darduma ta asali.

Gane su ba ya buƙatar gwani. Juya ta baya. Ta ƙulli zanen da ke gabanta yana nan a bayanta raɗau, kuma layukan ba su miƙe sak kamar an ja da rula ba, za ka ga ɗan karkata nan da can. Duba gezar bakinta: a ta hannu gezar ita ce ƙarshen zaren tsayen da aka yi saƙar a kansa, a ta inji kuwa ɗinka ta aka yi daga baya, za ka ga layin ɗinkin. Sannan ka lanƙwasa ta, gashin ya buɗe, ka leƙa gindinsa. Idan ta ƙulli ce za ka ga ƙullin a zaune kamar ƙananan ƙwayoyi a jere.

Wannan ƙullin shi ne ma'aunin komai, har da adalcin ciniki. Ɗauki darduma mai mita 2 a faɗi da mita 3 a tsawo, mai matsakaicin saƙa, ƙulli 40 a kowace santimita 10 ta tsaye da ta kwance. Ƙulli 160,000 ke nan a murabba'in mita ɗaya, 960,000 a dardumar gaba ɗaya. Masaƙiya mai hannu takan ɗaura tsakanin 5,000 zuwa 10,000 a yini. A ce 8,000 take yi, kwana 120 za ta yi a durƙushe gaban masaƙa, fiye da wata huɗu idan an haɗa da ranakun hutu, kuma ba a sa lokacin sausayar tumaki da kaɗi da rini da wanki da aske gashin don ya daidaita ba. To idan aka sallama maka irin wannan a kuɗin da bai kai abincin wata huɗu ba, bayan dillali ya ci la'adarsa, an biya jirgi da kwastan da hayar shago a Dubai, ba sai an faɗa maka wanda aka danne ba. Ko dai ba ta hannu ba ce, ko kuwa an ci gumin wata baiwar Allah. Sana'ar ba ta jiya ba ce. Darduma mai ƙulli mafi daɗewa da aka sani ita ce wadda Sergei Rudenko ya tono a 1949 daga wani kabari da ƙanƙara ta adana a Pazirik, cikin duwatsun Altai. Ta haura shekara 2,300, tana da ƙulli kusan 36 a kowace murabba'in santimita, kuma tana gidan tarihi na Hamitej a Rasha. Har yau yatsa da wuƙa da matsefin ƙarfe ne kayan aikin.

Na fara da ta ulu ta Turkmen da Afganistan, don ita ce na fi ba mutanenmu shawara a kanta. Jar darduma mai jerin tambura masu kusurwa takwas da ake kira ta Bukhara, ba a Bukhara aka fi saƙa ta ba. Bukhara kasuwa ce da fatake ke haɗuwa, masu saƙar kuwa matan ƙabilun Turkmen ne, musamman Teke. Kowace ƙabila da tambarinta da ake kira gul, kuma guda 5 daga cikinsu, na Teke da Yomut da Sarik da Chowdur da Ersari, suna jikin tutar Turkmenistan a yau. Hukumar UNESCO ta sa wannan saƙa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Bayan da gwamnatin Sobiyet ta kafu a Asiya ta Tsakiya, Turkmen da yawa suka tsallaka arewacin Afganistan, shi ya sa garuruwa irin su Andkhoy da Akcha da Kunduz da Mazari Sharif suka zama gidan wannan aiki. Mafi yawan abin da za ka gani a Dubai da Saudiyya da sunan Afganistan daga can yake.

Iri uku za ka fi cin karo da su. Khal Muhammadi ja ce wur mai duhu, saƙarta a matse, tana da nauyi, tana kwanciya a ƙasa ba ta naɗewa, kuma launinta yana ɓoye dauɗa. Idan falon da ake zama a ƙasa ne, ana cin abinci a kai, baƙi na shiga da fita, ban ga wadda ta kai ta ba. Chobi kuwa launinta a sanyaye yake, ruwan ƙasa da ruwan madara da kore mara ƙarfi, da manyan furanni. An tsara ta ne don idon Turawa, tana da kyau a ɗaki mai haske, amma tabon manja ko na miyar kuka ba ya ɓuya a jikinta. Sai ta Baluch, daga yankin Herat da kan iyakar Iran, ƙarama, mai duhun shuɗi da ja, sau da yawa da zanen mihrabi. Tana da laushi, ana iya naɗe ta a saɓa, kuma kuɗinta ya fi na sauran sauƙi. Wanda ke neman dardumar salla ta hannu don kansa ko don dattijon gida, nan zai fara dubawa.

Ƙarfin waɗannan daga ulun yake. Tumakin tsaunuka, irin na yankin Ghazni, gashinsu dogo ne mai maiƙo, kuma maiƙon nan shi ke hana ruwa shiga da sauri, ya ba ka damar goge shayi kafin ya kama. Amma akwai ulun da ake cirewa daga fatar da aka jiƙa a majema, wanda sinadari ya riga ya cinye maiƙonsa. A ido ba lallai ka gane ba. Shafa tafin hannunka da ƙarfi a wuri ɗaya sau da yawa. Ɗan gashi kaɗan ba komai ba ne a sabuwar darduma, amma idan ya taru a hannunka, kuma ka ji saman a bushe yana kartar fata, ajiye ta komai kyan zanenta.

Inda hankalina ba ya kwanciya da ta Afganistan shi ne batun haƙƙi. Yawancin masaƙa a gida suke aiki. Ɗan kasuwa ya kawo zare da zane, ya biya a kan kowace murabba'in mita, shi ke yanka farashi, iyalin kuwa ba su da wani mai saye. An daɗe ana kwashe dardumar ba a gama ta ba zuwa Peshawar da Lahor, a wanke a aske a can, ta fita duniya da sunan Pakistan, ribar gamawa ta tsaya a can. Tun da Taliban suka dawo mulki a watan Agustan 2021 aka rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, daga baya jami'a, aka kuma toshe wa mata ayyuka da dama, saƙa ta zama ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da suka rage musu. Saboda haka ƙaurace wa dardumar Afganistan ba taimakonsu ba ne, yunwa za a ƙara musu. Sayenta da ido rufe kuma yana iya zama kuɗinka ne ke riƙe yarinya 'yar shekara goma a gaban masaƙa daga asuba zuwa magariba. Mafita ita ce a san ta hannun wa ta biyo, zan zo kan wannan.

Ta Iran daban take, kuma kashi biyu ce da bai kamata a haɗa ba. Akwai ta birni: Tabriz, Isfahan, Kashan, Nayin. Wannan mai zane ne ke tsara ta a takarda, masaƙa su bi gida-gida, shi ya sa furanninta ke lanƙwasa kamar da alƙalami aka ja su. Gadon tsohuwar fasaha ce, irin wadda ta haifar da dardumar Ardabil mai ɗauke da shekarar 946 bayan Hijira, wato wajen 1539 zuwa 1540, wadda ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Idan mai shago ya ce maka Tabriz ce mai raj 50, yana nufin ƙulli 50 a tsawon santimita 7, kusan 500,000 ke nan a murabba'in mita, ninki uku na misalin da na bayar a baya. Ka ce a ba ka rula ka ƙirga a bayanta. A Nayin kuma ana cewa la 9 ko la 6 ko la 4, a nan ƙaramar lamba ce ta fi kyau. Akwai wata dabarar gaggawa da ake kira jufti, a ɗaura ƙulli a kan zare huɗu maimakon biyu. Aikin yana raguwa da rabi, ƙarkon ma haka.

Ta birnin Iran darduma ce ta falon da ake shiga jefi-jefi, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Sannan ka duba zanen da kyau, don wasu suna ɗauke da mahaya dawaki da barewa da tsuntsaye, wanda ba kowane gida ne zai so ya shimfiɗa inda ake salla ba. Kashi na biyu shi ne na makiyaya da ƙauyuka. Gabbe ta ƙabilar Kashkayi a lardin Fars tana da kauri, gashinta dogo, zanenta kaɗan, taka ta kamar katifa. Heriz daga arewa maso yamma kuwa an san ta da jure takawa. UNESCO ta amince da saƙar Fars da ta Kashan tun 2010. Abin lura da Gabbe shi ne dogon gashin nan yana haɗiye ƙura, kuma yashin da ya sauka gindin ƙulli shi ke yanka zare a hankali. A Kano ko Damagaram lokacin hunturu sai an dage da kakkaɓa. Wani abu kuma, tun da Amurka ta sake hana shigar da dardumar Iran a 2018, masaƙan can sun rasa babbar kasuwarsu, zanensu kuma ana kwaikwayonsa a Indiya da Pakistan. Kwaikwayon ba lallai ya zama mara kyau ba, amma zanen Kashan daban, saƙar Kashan daban, kuɗinsu ma daban.

Siliki shi ne inda aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Ta gaske ana yin ta a Kum ta Iran da Kashmir da Hereke kusa da Santambul, inda masaƙar sarakunan Usmaniyya ta fara darduma a 1891, da kuma ƙananan masaƙu a Samarkand da Bukhara da Khiva, waɗanda ke amfani da silikin Uzbekistan irin na Margilan. Hereke ta ainihi takan kai ƙulli 100 a murabba'in santimita, miliyan ɗaya a murabba'in mita. Idan ka tsaya a kanta ta wannan gefe launin ya yi duhu, ka zagaya ɗaya gefen ya yi haske. Kyau kam ba a magana. Amma ba ta son ruwa, ba ta son takalmi, ba ta son ƙafar kujera, kuma wankinta sai ƙwararre, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba. Wurinta bango ne ko ɗakin da yara ba sa shiga. Wanda zai sayi darduma ɗaya tak a rayuwarsa, ban ba shi shawarar siliki ba.

Idan kuma ranka ya biya, ka sani cewa da yawa daga abin da ake kira siliki zaren biskos ne da ake yi daga markaɗaɗɗen itace, ko auduga da aka jiƙa a sinadari don ta yi ƙyalli. Ana kuma saƙa na siliki masu kyau a lardin Henan na ƙasar Sin da zanen Hereke, har da sa hannu a kusurwa, a sayar da su da kuɗin Hereke. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne wuta. Nemi izini ka ciri sili ɗaya daga gashin, ba daga geza kaɗai ba, don wani lokaci gezar siliki ce gashin kuwa ba shi ba ne. Siliki yana ƙonewa a hankali, yana warin ƙonannen gashi, ya bar ɗan baƙin dunƙule da ke murƙushewa a yatsa. Biskos yana ci bal-bal, yana warin takarda, ya bar toka mai laushi. Mai shagon da ya tabbata da kayansa ba zai hana ka ba. A Kashmir an yi wa saƙarsu rajistar asali a 2016, kuma daga 2022 aka fara manna wata lamba da ake haskawa da waya ta nuna wanda ya yi da yawan ƙulli da irin zaren. Idan an ce maka ta Kashmir ce, tambayi wannan lambar.

Batun rini ya shafi duk waɗannan, kuma a nan ne Turkiyya ta bar misalin da nake jin daɗin ambatonsa. Bayan da rinin kanti ya shigo a ƙarni na 19, ƙauyukan Anatoliya da yawa suka manta da rinin itatuwa, darajar saƙarsu ta faɗi. A 1981 wani Bajamushe malamin kimiyyar haɗa sinadarai, Harald Böhmer, tare da Jami'ar Marmara suka kafa shirin DOBAG a ƙauyukan Ayvacik da Yuntdag. Sun binciki tsofaffin dardumomi suka gano abin da aka rina su da shi, suka mayar wa matan ƙauye ilimin kakanninsu: ja daga saiwar wani tsiro da Farisawa ke kira ronas, shuɗi daga baba, ruwan ɗorawa daga furannin daji, da alif don launi ya kama. Matan suka kafa ƙungiya tasu, kowace darduma ta fita da lamba da sunan masaƙiya da ƙauyenta. Inganci ya tashi, kuɗin masaƙiya ya tashi tare da shi. Abin da nake nufi ke nan da na ce amsar tambayoyin biyu daga wuri guda take fitowa: inda aka san sunan mai aiki, ba a cika samun ulun majema da ƙullin gaggawa ba.

Rinin itatuwa yana da alama. Za ka ga filin launi ɗaya yana ɗan sauyawa a layi-layi, nan ja mai duhu, can mai ɗan haske. Ana kiran wannan abrash. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san zane biyu ba sa fitowa daga karofi da shuɗi iri ɗaya sak, haka zaren da aka rina a tukunya daban-daban. Ba aibi ba ne, ko da yake yanzu har inji ana sa wa ya kwaikwaye shi, saboda haka kada ya zama shi kaɗai ne hujjarka. Rinin kanti mai kyau ma yana da ƙarko. Abin gudu shi ne mai zuba. Jiƙa farin hankici ka goga a kan ja da shuɗi. Idan launi ya biyo shi, ranar da ruwa ya taɓa dardumar jan zai malala cikin farin.

Shirdak na Kirgizistan ba saƙa ba ce sam, shi ya sa na ware ta. Matan Narin da At-Bashi da Kochkor suna baza ulu a kan tabarma, su yayyafa ruwan zafi da sabulu, su naɗe su yi ta murzawa da takawa har ya dunƙule ya zama fefe mai kauri. Sai a ɗora fefe biyu masu launi daban, a zana ƙahon rago ko wani zanen gado, a yanka su tare, a musanya: abin da aka ciro daga ja ya shiga gurbin shuɗi, na shuɗi ya shiga gurbin ja. Ba abin da ake zubarwa, kuma yanka ɗaya yana ba da shimfiɗa biyu masu juyin launi. A bi mahaɗar da igiyar ulu, a ɗinke duka a kan wani fefen na ƙasa da ƙananan ɗinki a jere. UNESCO ta sa ta cikin jerin sana'o'in da ke buƙatar ceto na gaggawa a 2012. Ta fuskar adalci tana da sauƙin bibiya, don ƙungiyoyin mata irin su Altin Kol a Kochkor ne ke yi suna sayarwa, tsakaninka da mai ɗinki ba dillalai da yawa. Kuɗinta ma bai kai na mai ƙulli ba, kuma ba ta da nauyi a jaka. Sai dai an yi ta ne don tantin makiyaya a ƙasar sanyi mai bushewa. Ba a wanke ta da ruwa mai yawa, danshi yana sa ta wari, asu kuma yana son ta. A Jos ko Mambila za ta yi daɗin zama. A Sakkwato ko Maiduguri ta fi dacewa da bango ko bayan kujera. Idan za ka zaɓa, duba yawan ɗinkin, wadda layukanta suka matsu ita ce mai ƙarko.

Yanzu ga batun shaidar adalci, inda ake yawan ruɗa mai saye. Kalmar cinikin adalci kowa na iya rubuta ta a allon shagonsa. Tambarin Fairtrade da ake gani a jikin kofi da koko ba shi da ma'auni na darduma, kuma shigar sana'a cikin jerin UNESCO girmama al'ada ce, ba ta ce komai a kan wannan dardumar da ke gabanka ko ladan wadda ta yi ta ba. Shaidun da ke da bincike a bayansu kaɗan ne, kuma ba abu ɗaya suke dubawa ba.

GoodWeave ta samo asali ne daga Rugmark, wadda Kailash Satyarthi na Indiya ya kafa a 1994, mutumin da ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2014. A lokacin bautar da yara a masaƙu ta yi ƙamari. Iqbal Masih, yaron Pakistan da aka jingina ga mai masaƙa saboda bashi tun yana ƙarami, ya kuɓuta ya riƙa faɗa wa duniya abin da ke faruwa, aka harbe shi a 1995 yana da kimanin shekara 12. Masu cewa ƙananan yatsu ne ke iya ƙulli mai kyau ƙarya suke yi, manyan gwanaye ne ke saƙa mafi tsadar darduma, yaro araharsa ake so. GoodWeave tana kai ziyarar ba-zata, yaron da aka samu a cire shi a sa shi makaranta, kuma kowace darduma tana da tambari mai lambarta a baya. Ƙarfinta ya fi yawa a Indiya da Nepal, kuma abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne aikin yara da aikin tilas.

Label STEP, wadda aka kafa a Suwizalan a 1995, ta ɗauki wata hanya. Ba darduma ɗaya take ba wa shaida ba, ɗan kasuwar take ɗaurewa da sharaɗi a kan duk dardumar hannu da yake sayarwa, ta bi sawun kayansa har gidajen masaƙa, ta duba lada da lafiyar wurin aiki da aikin yara da inda ruwan rini ke zuba. Tana aiki a Afganistan da Iran da Pakistan da Turkiyya da Indiya da Nepal, wato ta fi shafar irin dardumomin da muke magana a kai. Ga mai neman ta Afganistan ko ta Iran, ita ce na fi ba muhimmanci, don batun lada yana cikin abin da take aunawa. Akwai kuma WFTO, ƙungiyar cinikin adalci ta duniya da ta faro a 1989, mai tantance kamfani ko ƙungiyar masu sana'a gaba ɗayanta. Cikin ƙa'idojinta akwai ba mai sana'ar hannu aƙalla rabin kuɗinsa tun kafin ya gama aiki idan ya nema, ba tare da ruwa ba. Wanda ya san yadda bashin zare ke ɗaure iyali ga ɗan kasuwa ɗaya shekara da shekaru zai gane girman wannan. Sai Turquoise Mountain, wadda aka kafa a Kabul a 2006 ta fara da gyara tsohuwar unguwar Murad Khani, tana haɗa masaƙan Afganistan da masu saye a waje kai tsaye.

Gaskiyar magana, yawancin shagunan da mutanenmu ke shiga a Dera ta Dubai ko kusa da Harami ba su da ko ɗaya daga waɗannan. Rashin tambari ba ya nufin zalunci, ƙananan masaƙa da yawa ba su da hanyar shiga tsarin. A nan sai tambaya. Wane gari aka saƙa ta, ba wace ƙasa ba? A ina aka wanke ta? Kai ka saya daga masaƙa ko daga wani dillali? Wanda ke zuwa Andkhoy ko Shiraz da ƙafarsa zai amsa ba tare da inda-inda ba, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. Wanda bai sani ba zai koma yabon launi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ban ga yadda nisan ƙasa zai cire mai saye daga wannan magana gaba ɗaya ba. A yi tayi, ciniki halal ne, amma idan an sauko ƙasa da lissafin kwanakin nan na ƙulli, ka san daga jikin wa aka yanko ragin. Saye ta intanet kuwa, in ba daga mai shaidar da za ka iya bincika a shafin ƙungiyar ba, cinikin biri a sama ne. Aƙalla ka nemi hoton bayanta da rula a kai.

Zaɓina a taƙaice: falon iyali, Khal Muhammadi ko Heriz. Salla da tsaraba, Baluch. Falon baƙi ga mai hali, Tabriz ko Kashan ta ulu. Bango, siliki idan ya ci gwajin wuta, ko shirdak ga mai son launi da kuɗi kaɗan. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya sayi ta inji da sunanta, ya fi masa alheri da ta gam ko silikin bogi.

In ka biya, sa a rubuta maka a rasit garin da aka yi ta, irin zaren gashi da na tsaye, girmanta, da cewa ƙullin hannu ce. In ka kawo ta gida, kada ka shimfiɗa ta a kan siminti mai danshi, sa wani abu a ƙarƙashi. Riƙa juya ta kai da ƙafa duk bayan 'yan watanni don kada gefe ɗaya ya cinye, ka kife ta ka bugi bayanta yashi ya zubo, ka shanya ta a inuwa mai iska ba cikin tsakar rana ba. Asu yana yin ƙwai ne a wurin duhu da ba a taɓawa, saboda haka ɓangaren da ke ƙarƙashin kujera shi za ka fi dubawa. Idan za a ajiye ta, a naɗe ta kada a ninke, a rufe da zanen auduga maimakon leda, a ɗora ta a kan wani abu nesa da bango saboda gara.